Yadda Ake Shirya Tafiya Tanzaniya da Zanzibar, Daga Neman Biza Har Dawowa Gida

Bahaushe zai sauka Zanzibar da yamma, ya ji kiran sallar Magariba na tashi daga masallatai uku lokaci guda, ya ga dattawa cikin fararen riguna da huluna suna kurɓar gahawa a bakin lungu, ya ji mai shago na cewa "hamsini", "sitini", sai ransa ya ba shi gida ya zo. Kusan hakan ne. Amma jami'in shige da fice, da mai sayar da tikitin jirgin ruwa, da mai karɓar kuɗin ƙofar gandun daji, duk baƙo suke ɗaukarsa, daidai da wanda ya taso daga Jamus ko Japan. Yawancin wahalar da mutanenmu ke sha a wannan tafiya daga nan take farawa: a ɗauka tunda Afirka ce, komai zai warware in an isa. Abin da ke warwarewa can shi ne wanda aka gyara tun daga gida, kuma bisa tsari, wannan kafin wancan.

Mataki na farko: biza kafin tikiti

Kada ka sayi tikitin jirgi sai bizarka ta fito. Na sa wannan a gaba domin nan ne kuɗin mutane suka fi salwanta.

Tanzaniya tana ba 'yan ƙasashe da dama biza a filin jirgi, amma akwai jerin ƙasashen da ta ware, waɗanda sai an tura takardunsu hedikwatar hukumar shige da fice an tantance kafin a amince. Sunan wannan biza a fom ɗinsu Referral Visa, kuma Najeriya da Nijar da Chadi duk suna cikin jerin. Mai fasfo ɗin ɗaya daga cikinsu ba zai samu biza a bakin ƙofa ba, kamfanin jirgi ma ba zai bari ya hau ba in bai nuna takardar amincewa ba. Hukumar da kanta tana ba da shawarar a nema wata biyu kafin ranar tafiya. Mai fasfo ɗin Gana kuwa ba ya buƙatar biza don ziyarar da ba ta wuce kwana 90 ba. Irin waɗannan dokoki sukan sauya, saboda haka ka buɗe shafin hukumar, visa.immigration.go.tz, ka duba matsayin ƙasarka ranar da za ka fara shiri.

A shafin za ka cike fom, ka ɗora hoton shafin farko na fasfo, da hoton fuska, da shaidar masauki, da tsarin tafiya da dawowa. Fasfo ya kasance da sauran aƙalla wata shida kafin ya ƙare. Kuɗin bizar yawon buɗe ido dala 50 ne, da kati ake biya. Wajen tsarin tafiya, ka sa mai sayar da tikiti ya riƙe maka kujera ya ba ka takarda ba tare da ka biya ba. Masauki ma ka zaɓi wanda ake iya sokewa ba asara. In otal ko kamfanin yawon da za ka bi ya rubuto maka wasiƙar gayyata mai ɗauke da adireshinsa da lambar rajistarsa, ka haɗa, tana taimakawa ƙwarai. Ka adana lambar da shafin zai ba ka, da ita ake bibiya. Idan amincewa ta iso, ka buga ta a takarda kwafi biyu.

Biza ɗaya ce ta Tanzaniya da Zanzibar, domin ƙasa ɗaya ce tun 26 ga Afrilun 1964 da Tanganyika da Zanzibar suka haɗe. Sai dai tsibirin yana da gwamnatinsa da wasu ƙa'idojinsa, kamar yadda za ka gani.

Mataki na biyu: katin rigakafi da inshora

Duk wanda ya fito daga ƙasar da ake samun cutar shawara, kamar Najeriya, Nijar, Gana, Kamaru, Chadi da Sudan, za a nemi katin rigakafinsa, ɗan ruwan ɗorawar nan. Allurar sai ta yi kwana 10 kafin katin ya fara aiki, kuma tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sau ɗaya ta isa har ƙarshen rayuwa. Ka je a yi maka allurar da gaske a wurin da hukuma ta amince. Katin da aka saya ba tare da allura ba cutar kai ce da cutar wasu.

Tun 1 ga Oktoban 2024 Zanzibar ta wajabta wa duk baƙon ƙasar waje inshorar tafiya ta kamfanin gwamnatinta, Zanzibar Insurance Corporation. Dala 44 ce kowane babba, tana aiki har kwana 92, ta intanet ake saya, a turo maka lambar da za a duba a filin jirgi ko tashar ruwa. Ko kana da wata inshorar daga gida sai ka sayi wannan.

Sai zazzaɓin cizon sauro. Mun saba da shi, shi ya sa muke raina shi. Ka ga likita kafin tafiya, ka ɗauki maganin shafawa na korar sauro, ka tambayi masauki ko akwai gidan sauro. Mai hawan jini ko ciwon suga ya tafi da maganin da zai ishe shi har da rarar mako guda, cikin kwalinsa na asali, a jakar hannu.

Mataki na uku: zaɓen lokaci

Damina biyu gare su. Babbar, wadda suke kira masika, daga Maris zuwa Mayu take. Ruwa kamar da bakin ƙwarya, hanyoyin daji su caɓe, wasu masaukai ma su rufe, amma farashi ya faɗi. Ƙaramar, vuli, wajen Nuwamba da Disamba, ruwan da ke zuba ya ɗauke. Yuni zuwa Oktoba rani ne mai sanyi-sanyi, ciyawa ta kwanta, namun daji su taru a bakin ruwa, shi ne lokacin da ya fi daɗin kallo, shi ne kuma mafi tsada. Janairu da Fabrairu akwai zafi da gumi a bakin teku, amma a lokacin ne garken nyumbu, wata dabba mai kama da ramammiyar saniya mai gemu, ke haihuwa a filayen Ndutu da ke kudancin gandun dajin Serengeti. Sun haura miliyan guda. Tsallaken kogin Mara da ake gani a talabijin, suna faɗawa ruwa kadoji na jira, wannan a arewa yake faruwa tsakanin Yuli da Oktoba, kuma babu mai iya yi maka alkawarin rana.

In tafiyarka ta faɗo cikin azumi, ka sani wuraren cin abinci da yawa a cikin garin Zanzibar sukan rufe da rana. Ga mai azumi wannan daɗi ne, ga mai ƙananan yara abin lura ne. Ka kuma duba labarai kafin ka tsayar da rana: bayan zaɓen Oktoban 2025 an yi tarzoma, aka sa dokar hana fita a Darussalam, aka katse intanet kwanaki. Makon zaɓe ba na baƙo ba ne.

Mataki na huɗu: wurare nawa, ta wace ƙofa

Tanzaniya ta ɗan fi Najeriya faɗin ƙasa. Daga Darussalam zuwa Arusha da ke arewa a bas wuni guda ne cur, awa goma ko fiye. Saboda haka mai mako ɗaya ya zaɓi abu ɗaya ya yi shi sosai. Shawarata ga mai zuwa karon farko: in kwana bakwai ne, Zanzibar da kwana ɗaya ko biyu a Darussalam. In kwana goma zuwa sha biyu ne, a fara da daji a arewa, a ƙare da tsibiri, domin bayan ƙura da jijjigar mota jiki teku yake so.

Filayen jirgin sama na ƙasa da ƙasa uku ne da za su shafe ka: Julius Nyerere a Darussalam, Kilimanjaro tsakanin Arusha da Moshi, sai Abeid Amani Karume a Zanzibar. Jirgin Habasha yana ɗauka daga Kano, Abuja, Legas, Yamai da Njamena, a sauya a Adis Ababa, kuma yana sauka duka ukun. Akwai na Kenya ta Nairobi da na Ruwanda ta Kigali. Ka tambayi tikitin da za ka shiga ta Kilimanjaro ka fita ta Zanzibar. Sau da yawa bambancin kuɗin bai kai na komawa baya ba. Ka lura da tsawon jiran sauyin jirgi. Ƙasa da awa biyu, kai kana iya samu, akwatinka ya rasa.

Mataki na biyar: kuɗi

Shilin suke kashewa, takarda mafi girma ta 10,000 ce, saboda haka canjin dala 200 zai cika maka aljihu fam. Naira da sefa ba su da kasuwa a can. Ka tafi da dala, sababbi fes, bugun 2009 ko bayanta, babu yagewa babu rubutun biro. Takardar 100 da ta 50 sun fi ƙanana samun canji mai kyau. Ka canza a banki ko shagon canji mai rajista, ka karɓi rasit. Tun 2025 gwamnati ta tsaurara dokar cewa cinikin cikin gida da shilin za a yi, don haka kada ka dogara da miƙa dala a kasuwa ko a tasi.

Katin bankinka na gida kada ka ɗora masa rai. Ka tambayi bankinka ko yana aiki a waje da iyakar abin da zai cire, ka kuma riƙe tsabar da za ta ishe ka ko da ya ƙi. A Zanzibar na'urorin cire kuɗi sun fi yawa a cikin gari. Ƙauyukan bakin teku kaɗan ne, kuma sukan ƙare. Ka raba kuɗinka gida uku: jiki, jaka, da akwatin ajiya na ɗaki.

Wani abin da ke ba mutanenmu haushi shi ne farashi hawa-hawa. A gandun daji da jirgin ruwa da gidajen tarihi, ɗan ƙasa da ɗan Ƙungiyar Gabashin Afirka suna da nasu farashin, sauran duniya nasu. Baƙar fatarka ba za ta sauya wannan ba, fasfo ake dubawa. Ka sa shi cikin lissafi tun farko, kada ka je kana musu da ma'aikacin da ba shi ya kafa dokar ba.

Mataki na shida: haɗa kaya

Ka cire duk wata ledar cefane daga akwati. An haramta ta tun 1 ga Yunin 2019. 'Yar leda mai zif ta zuba man goge baki da turare ita aka yarda da ita. Tufafi masu zanen kakin soja a bar su gida. Jirgi marar matuƙi na ɗaukar hoto sai da izini na musamman.

Kaftani marar nauyi da abaya da mayafi sun dace da Zanzibar fiye da duk abin da za ka saya don tafiyar. Ga daji kuwa ka nemi kaya masu launin ƙasa, ka guji baƙi da shuɗi mai duhu, domin su ƙudan tsando ke bi, kuma yana da yawa a gandun dajin Tarangire. Ka sa rigar sanyi mai kauri: bakin ramin Ngorongoro, inda ake zuwa kallon namun daji, ya haura mita 2,000 a sama, sanyin asubarsa ya fi na hunturun Jos. Soket ɗinsu mai baki uku ne irin na Najeriya da Gana. Mai zuwa daga Nijar, Kamaru ko Chadi ya sayi mahaɗi. In za ka hau ƙananan jiragen cikin gida, kilo 15 suke yarda da shi, a jaka mai laushi.

Mataki na bakwai: ranar sauka, da batun agogo

Fasfo, takardar biza, katin rigakafi, tikitin dawowa, adireshin masauki, duk su kasance a hannu, ba a cikin waya kaɗai ba. Za a iya yi maka tambayoyi fiye da na Baturen da ke gabanka a layi. Ka amsa a taƙaice, da sakin fuska.

Layin waya ka saya a shagon kamfani da fasfo ɗinka: Vodacom, Airtel, Halotel ko Yas, wanda a da ake kira Tigo da Zantel. Ka sa su buɗe maka asusun kuɗi na waya, irin M-Pesa, domin da shi ake biyan abubuwa da yawa. Mota daga filin jirgi, mafi kwanciyar hankali masaukinka ya turo. A Darussalam manhajar Bolt na aiki. A cikin gari za ka ga abin da ka sani da sabon suna: bajaji shi ne a-daidaita-sahu, bodaboda ɗan acaɓa, daladala ƙaramar bas ta haya. Ta hagu suke tuƙi, don haka in za ka tsallaka titi dama za ka fara dubawa. Wayarka kada ka riƙe ta a saɓule a bakin titi ko kusa da tagar mota, musamman a cunkoson kasuwar Kariakoo.

Agogonsu yana gaban na Najeriya da Nijar da awa biyu. Wannan mai sauƙi ne. Mai rikitarwar shi ne yadda suke ƙirga sa'o'i da harshen Suwahili: daga fitowar rana suke farawa. Ƙarfe 7 na safe shi ne saa moja, sa'a ta ɗaya. Sha biyun rana saa sita, sa'a ta shida. Uku na yamma saa tisa. Wani abokin tafiyarmu ya yi alkawari da mai kwalekwale a kan "saa tatu", yaron otal ya fassara masa da "ƙarfe uku". Ya fito bayan Azahar da shirinsa, ya tarar mutumin ya jira shi tun tara na safe, ruwa ya janye, kwalekwalen na zaune kan yashi. Babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu. Dabarar ita ce ka dubi fuskar agogo, ka ɗauki lambar da ke kallon wadda aka faɗa: uku na kallon tara, ɗaya na kallon bakwai. Duk alkawarin mota ko jirgi, ka sa a rubuta maka shi da lamba a waya, da safe ne ko da yamma.

Gaisuwa kuwa tana da nauyi wurinsu kamar yadda take wurinmu. Babba ana ce masa shikamoo, ya amsa marahaba. Tsara, habari, ya ce nzuri. Sallama tana shiga ko'ina a bakin teku. Asante na gode, karibu sannu da zuwa, bei gani nawa ne, punguza rage mini, hapana a'a. In za ka nemi abu ka fara da naomba, ina roƙo. Cewa "ba ni" kai tsaye rashin ladabi ne a kunnensu. Lissafi zai zo maka da sauƙi domin rijiya ɗaya muka sha: ishirini, thelathini, arobaini, hamsini, sitini, sabini. Haka dakika, asubuhi, sabuni, Alhamisi, Ijumaa.

Mataki na takwas: tsallakawa tsibiri

Daga Darussalam jirgin sama minti 20 ne, jirgin ruwa mai gudu kusan awa biyu. Na ruwan ya fi araha, kuma shigowa tashar Zanzibar ta teku, gine-ginen sarakuna na tasowa a gabanka, abu ne da ya cancanci gani. Ka sayi tikiti a shafin kamfanin Azam Marine ko a ofishinsu na ainihi da ke cikin tasha, da fasfo. Tun daga bakin titi matasa za su yi maka caa, wannan ya ja akwati, wancan ya ce ofis ya koma can. Ka riƙe kayanka, ka ce hapana asante, ka ci gaba da tafiya. Ka isa awa guda kafin tashi. Jirgin safe ya fi kwanciya. Daga Yuni zuwa Satumba iskar kudu da suke kira kusi takan tayar da teku, mai jin jiri ya sha magani tun kafin hawa. Kada araha ta ja ka zuwa jirgin dare mai lodin kaya: a 2011 da 2012 jirage biyu sun nutse a waɗannan ruwaye, rayuka masu yawa suka salwanta. A tashar Zanzibar za a sake duba fasfo da katin rigakafi da inshora.

Mataki na tara: kwanakin Zanzibar

Ka ba tsohon gari kwana biyu cikakku. Su suna ce masa Mji Mkongwe, a takardun yawon buɗe ido Stone Town, kuma UNESCO ta sa shi cikin kayan tarihin duniya a 2000. Lungunansa mota ba ta shiga, wanda ya san cikin birnin Kano ko Zinder ba zai ji baƙunta ba. Za ka ɓace, ka bar kanka ka ɓace, garin ƙarami ne, ko'ina ka miƙe teku za ka tarar ko babban titin kasuwar Darajani. Ka tsaya ka kalli ƙyamaren katako masu sassaƙa da ƙusoshin tagulla, da yawansu da aya a rubuce a sama.

Safiyar farko ka ɗauki ɗan jagora mai katin shaida ta hannun masaukinka, ku yi ciniki kafin ku fara. Waɗanda ke bin baƙo a titi mutanen gari suna kiransu papasi, wato kaska. Jagoran zai kai ka Ngome Kongwe, ganuwar da Larabawan Oman suka gina a ƙarshen ƙarni na 17, da Beit al-Ajaib, fadar da Sarki Barghash ya gina a 1883, wadda wani ɓangarenta ya rushe a Disambar 2020. Ka ce ya kai ka Mkunazini, inda kasuwar bayi take har aka rufe ta a 1873, aka gina majami'a a wurin. Akwai ɗakuna biyu a ƙarƙashin ƙasa, rufinsu ƙasa-ƙasa, babba ba ya iya miƙewa, iska ta 'yar kafa take shiga. Na ga mutane sun shiga suna hira sun fito shiru. Ka je, ka kai 'ya'yanka in sun yi hankali. Tarihin cinikin bayi ya taɓa ƙasarmu ma.

Kwana ɗaya na gonar kayan ƙamshi ne, wajen Kizimbani. Kanumfarin da muke sa wa shayi da kunu za ka gan shi a bishiyarsa, su karafuu suke ce masa. Za a kankare maka ɓawon kirfa, a nuna maka masoro yana hawa itace. Kudu kuma akwai dajin Jozani mai jajayen biran da babu irinsu sai a tsibirin, da masallacin Kizimkazi wanda rubutun mihrabinsa ke ɗauke da shekarar 500 ta Hijira, daidai da 1107.

Wajen zaɓen bakin teku ka san bambanci kafin ka biya. A gabas, Paje da Jambiani, ruwa yakan janye nesa ƙwarai ya dawo, kusan kowace awa shida, ya fi tsanani a farkon watan Musulunci da tsakiyarsa. In ya janye za ka ga mata sun shiga da kanga, wato zanensu, a ɗaure suna kula da gonakin ciyawar teku, layi-layi a kan turaku. Wuri ne mai natsuwa, ya dace da iyali, amma wanka sai ka bi jadawalin ruwa, ka kuma sa takalmin roba saboda wata halitta mai ƙaya kamar bushiya. A arewa, Nungwi da Kendwa, ana wanka kowane lokaci, sai dai akwai kiɗa da mashaya da shigar da ba kowa zai so iyalinsa su gani ba. Wanda bai iya ruwa ba kada ya wuce ƙugu, kada kuma ya hau kwalekwalen da babu rigar ceto.

Abinci da sallah

Ugali tuwon masara ne mai tauri. Mishkaki tsire ne ba ƙuli. Vitumbua wainar shinkafa ce da madarar kwakwa, da safe ake samu da shayi mai citta. Ka ci pilau da biriani ranar Juma'a, ka gwada urojo, wani romo mai tsami da dankali da ƙosai a ciki. Da dare dandalin Forodhani yakan cika da masu gashi. Ka tambayi farashi kafin a ɗora, ka zaɓi wanda ake gasawa a gabanka, kifin da ya daɗe a tebur ka wuce shi. Ruwan rake da citta da lemon tsami kada ya wuce ka. Ruwan sha na gora kaɗai.

A Zanzibar da bakin teku kusan duk naman yankan Musulmi ne. A Arusha da Moshi da cikin ƙasa ka riƙa tambaya. Kalma ɗaya ka haddace: kitimoto. Duk inda ka gan ta a allo, naman alade ake sayarwa.

Alƙibla a can arewa take, ba gabas ba, domin Makka tana saman su kusan miƙe. Ka duba kafin ka shimfiɗa darduma a ɗaki. Yawancinsu Shafi'awa ne: liman zai bayyana bisimilla, a Asuba kuma zai yi ƙunuti a bayyane bayan ruku'u, hannuwa a sama, mamu na amin. Ka bi limaminka.

Mataki na goma: shiga daji

Gandun daji ba a shigarsa da ka. Ka nemi kamfani mai lasisin yawon buɗe ido na gwamnati da ake kira TALA, in da hali mamba a TATO, ƙungiyar kamfanonin yawon buɗe ido ta ƙasar, ka sa su rubuto maka dalla-dalla abin da kuɗin ya ƙunsa: kuɗin ƙofa, kuɗin sauka cikin ramin Ngorongoro, masauki da sunansa, abinci, ruwa, mutum nawa a mota. Ka biya kafin alƙalami ta asusun kamfani, ba na wani mutum ba, sauran in ka isa. Farashin da ya yi araha fiye da kima, wani abu aka cire. Haɗuwa da wasu a mota ɗaya yana rage tsada sosai. Ka faɗa musu tun farko ba ka cin alade, kana kuma buƙatar tsayawa sallah.

Mai kwana uku ya yi Tarangire, ƙasar giwaye da manyan kukoki, da Ngorongoro, rami mai zurfin kusan mita 600 inda zaki, ɓauna, jakin dawa, dorina, har karkanda in an yi sa'a, suke zaune wuri guda. Serengeti tana da nisa, awa bakwai ko takwas daga Arusha, tana son ƙarin kwana biyu aƙalla. Wanda aljihunsa bai kai arewa ba ya hau sabon jirgin ƙasa mai lantarki da ya fara aiki a 2024 daga Darussalam zuwa Morogoro, ƙasa da awa biyu, daga nan mota ta kai shi Mikumi. Zai ga giwa da raƙumin dawa da ɓauna, sau da yawa har zaki.

A cikin daji ba a sauka daga mota sai inda direba ya ce, ba a ba dabba abinci, ba a ɗaga murya. Kada ka ɗauki hoton Masai, makiyayan yankin, ko wani mutum sai ka nemi izini. Ihsani ga direba a ranar ƙarshe al'ada ce da aka san da ita, ka ware masa tun farko. Dutsen Kilimanjaro, mai tsayin mita 5,895, tafiya ce daban: kwana biyar zuwa tara, da jagora dole, kuma masu gaggawa su ne ciwon tsauni ya fi mayarwa ƙasa. Pole pole za ka yi ta ji daga bakin 'yan dako, sannu sannu.

Komawa gida

In jirginka daga Darussalam zai tashi kana tsibiri, ka tsallako tun ana gobe. Teku takan hana jirgi tashi, cunkoson hanyar filin jirgi kuma yakan cinye awa biyu. Tsaraba ka saya a Darajani inda 'yan gari ke saye: kanumfari, kirfa, gahawa, kanga da ake sayarwa biyu-biyu, kowace da karin magana a bakinta, ka sa a fassara maka kafin ka kai wa surukarka. Hauren giwa, fatar dabba, ƙoƙon kunkuru, murjani da katantanwar teku kada ka taɓa su ko kyauta aka ba ka, kamu ne a filin jirgi. Dutsen tanzanait, wanda a tsaunukan Mererani kaɗai ake haƙo shi, sai a shago mai lasisi, da takardar shaida da rasit. Ragowar shilin ka mayar da su dala kafin ka wuce shingen shige da fice, ka bar kaɗan na ruwa da shayi. Katin rigakafin nan ka mayar da shi cikin fasfo, za a iya nemansa a inda za ka sauya jirgi da kuma ranar da ka sauka gida.